Izinin Fayil a Kwamfuta: Yadda Yake Ɓaci da Yadda Ake Gyara Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wannan matsala ba: ga fayil a kan allo, sunansa da girmansa duk suna nan, amma da an nemi buɗe shi ko gyara shi sai na'urar ta ƙi. A kwamfutar da ke aiki da manhajar Linux, saƙon da yakan fito shi ne Permission denied, a ta Windows kuwa Access is denied, kuma ma'anarsu ɗaya ce: an hana izini. Abin yakan faru a lokacin da ake cikin matsi. Misali, malami ya kwashe sakamakon jarrabawa daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa ana gobe za a raba wa ɗalibai, ko ɗalibi ya ajiye rahoton gwajinsa a ɗakin kwamfuta na makaranta, washegari ya kasa taɓa shi.

Abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne birus ya shiga, ko kuma faifan ajiya ya mutu. Sau tari kuwa fayil ɗin lafiyarsa lau, ko harafi ɗaya bai ɓace daga cikinsa ba. Abin da ya sami matsala wani ɗan taƙaitaccen bayani ne da na'urar ke ajiyewa tare da kowane fayil, wanda ke faɗin mai shi da kuma abin da aka yardar wa kowa ya yi da shi. Wannan maƙala za ta bayyana wannan tsari, da hanyoyin da yake ɓaci, da yadda ake mayar da shi daidai ba tare da an jawo ɓarnar da ta fi ta farko ba.

Asalin Izini

Kwamfutocin shekarun 1960 manya ne masu tsada, ba a mallakarsu ɗai-ɗai. Jami'a ko kamfani kan sayi guda, mutane da yawa su yi tarayya a kanta. A shekarar 1961 aka fara gwada wani tsari mai suna CTSS a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, wanda ya ba mutane da dama damar aiki da na'ura ɗaya a lokaci guda. Da zarar an yi tarayya irin wannan, dole tambaya ta taso: me zai hana wannan ya karanta takardun wancan, ko ya goge su bisa kuskure?

Amsar da ta fi yaɗuwa ta fito ne daga manhajar Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ginawa a shekarar 1969 a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka. Tsarin izinin da Unix ta kafa shi ne Linux ta gada, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Shi ne kuma ke ƙarƙashin manhajar kwamfutocin Mac tun 2001, da wayoyin Android. Windows tana da nata tsarin dabam, wanda ya zo tare da hanyar ajiya ta NTFS a 1993. Saboda haka ko da kwamfutar tebur ta mutum ɗaya ce, a cikinta tana aiki ne kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa, kowane da makullinsa.

Mutane Uku, Izini Uku

A tsarin Unix, kowane fayil yana kallon duniya kashi uku. Na farko mai shi, wato asusun da ya mallake shi. Na biyu rukuni, wato gungun asusu da aka haɗa ƙarƙashin suna ɗaya, kamar a ce malamai ko ɗalibai. Na uku sauran jama'a, duk wanda ba mai shi ba ne kuma ba ya cikin rukunin. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan ana iya ba shi ko a hana shi abubuwa uku: karantawa, da rubutawa, da aiwatarwa. Karantawa ita ce ganin abin da ke ciki. Rubutawa ita ce canza shi. Aiwatarwa kuwa ita ce sa fayil ya yi aiki a matsayin manhaja. Ana nuna su da haruffan r da w da x.

Idan aka buɗe tagar umarni aka rubuta ls -l, na'urar za ta jero fayiloli, kowane da layi mai kama da wannan:

-rw-r----- 1 malami malamai sakamako.ods

Alamar farko tana nuna irin abin: karan-ɗori na nufin fayil ne, harafin d na nufin folda ce. Sauran alamomi tara ana karanta su uku-uku. Ukun farko, rw-, na mai shi ne, wato malami yana iya karantawa da rubutawa. Na tsakiya, r--, na rukunin malamai ne, suna iya karantawa kawai. Na ƙarshe, ---, na sauran jama'a ne, ba su da komai. Wanda ya iya karanta wannan layi ya riga ya yi rabin gyaran.

Akwai gajeriyar hanyar rubuta wannan da lambobi. Karantawa tana da daraja 4, rubutawa 2, aiwatarwa 1, sai a tara wa kowane kashi nasa. Karantawa da rubutawa sun zama 6, karantawa kaɗai 4, duka ukun 7, babu komai 0. Don haka layin da ke sama shi ne 640. Tun da alamomin tara ne kuma kowace tana iya kasancewa a kunne ko a kashe, yawan haɗin da ake iya samu 512 ne, amma kaɗan ake amfani da su yau da kullum: 644 ga takardu na gama-gari, 600 ga na sirri, 755 ga manhajoji da foldoji, 700 ga foldar da mai ita kaɗai zai shiga.

Wani abu da ya kamata a kiyaye shi ne ma'anar haruffan nan takan sauya a kan folda. A nan r na nufin ganin jerin sunayen da ke ciki, x na nufin shiga cikinta, w kuma, in an haɗa shi da x, na nufin ƙirƙirar fayil a ciki ko goge shi ko sauya masa suna. Daga wannan abubuwa biyu ke fitowa waɗanda kan rikita ɗalibai. Na ɗaya, fayil mai cikakken izini ba zai buɗu ba muddin wata folda da ke kan hanyar zuwa gare shi ta rasa x. Na biyu, goge fayil ya dogara ne ga izinin foldar da yake ciki, don haka mutum na iya goge fayil ɗin da ba shi da ikon karantawa.

A saman dukkan waɗannan akwai asusu ɗaya mai suna root, wanda izinin nan bai ɗaure shi ba. Mai kula da kwamfuta yakan ari ikonsa na ɗan lokaci ta hanyar sa kalmar sudo a gaban umarni.

Yadda Izini Ke Ɓaci

Hanya ta farko ita ce sauyin gida. Na'ura ba ta san mutum da sunansa ba, da lamba ta san shi. A Ubuntu da Debian asusun farko yakan sami lamba 1000, na biyu 1001, a Mac kuwa na farko 501 ne. Idan aka cire faifai daga wata kwamfuta aka sa a wata, ko aka sake ɗora manhaja aka buɗe asusu da wani jeri dabam, sai fayilolin su ci gaba da riƙe tsohuwar lamba, wadda yanzu ta wani ce ko ba ta kowa ba. Haka abin yake a Windows, inda kowane asusu ke da doguwar lambar shaida da ake kira SID. Ko da an ba sabon asusu suna iri ɗaya da na da, lambarsa dabam ce.

Hanya ta biyu ita ce amfani da sudo inda bai dace ba. Duk fayil ɗin da aka ƙirƙira da ikon root, root ne mai shi. Mutum na iya buɗe manhajar rubutu da sudo don gyara wani abu guda, manhajar ta ajiye fayilolin saitinta a cikin foldarsa ta gida da sunan root, daga baya ya kasa taɓa su. Sanannen misali shi ne wani ɓoyayyen fayil mai suna .Xauthority a kwamfutocin Linux masu amfani da tsarin nuni na X. In ya koma hannun root, mai kwamfuta zai sa kalmar sirrinsa daidai, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, sannan ya dawo da shi wurin sa kalmar sirri, haka dai ba iyaka.

Hanya ta uku ita ce bi ta cikin filashi. Yawancin filashi da katunan ajiya suna zuwa da tsarin FAT32 ko exFAT, kuma waɗannan ba su da wurin rubuta mai fayil ko izininsa. Duk abin da ya ratsa ta cikinsu yakan fito da izinin da na'urar da ta karɓe shi ta ga dama ta ba shi. Ta haka ƙaramar manhaja kan rasa x ta ƙi tashi, ko takardar sirri ta zama kowa na iya karantawa.

Hanya ta huɗu, wadda ta fi muni, ita ce kuskuren hannu wajen umarni mai ratsa foldoji. Alamar -R tana sa umarni ya bi folda da duk abin da ke ƙarƙashinta. Tazara guda da ta faɗa bayan alamar / ta farko a cikin adireshi ta isa ta sa umarnin ya hau kan dukkan na'urar.

Bincike Kafin Magani

Likita ba ya rubuta magani sai ya san cutar, domin zazzaɓi alama ce da cututtuka da yawa suka yi tarayya a kanta. Haka ƙin buɗuwar fayil. Kafin a canza komai, akwai tambayoyi huɗu. Wane asusu ake ciki, kuma yana cikin waɗanne rukunai? Umarnin id yana ba da amsa. Wane ne mai fayil ɗin, kuma mene ne izininsa? Wannan aikin ls -l ne. Yaya foldojin da ke kan hanya suke? Umarnin namei -l tare da cikakken adireshin fayil yana jero su ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe, mene ne ainihin saƙon da na'urar ta bayar?

Tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai. Idan saƙon ya ce Read-only file system, to matsalar ba ta izini ba ce, faifan ne gaba ɗaya aka kulle daga rubutu. Linux kan yi haka don kare bayanai idan ta ga ɓaraka a tsarin ajiya, abin da ɗaukewar wutar lantarki ana tsakiyar rubutu ko tsufan faifai kan jawo. A nan abin yi na farko shi ne a kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri. Haka kuma a kwamfutar da ke ɗauke da Windows da Linux tare, tsarin saurin tashi da ya zo da Windows 8 a 2012 ba ya rufe faifai sosai in an kashe na'ura, sai Linux ta ƙi rubutu a ɓangaren Windows. Maganin shi ne a koma Windows a kashe wannan saiti. Katin ajiya na SD ma yana da ɗan maɓalli a gefe wanda ke hana rubutu in ya zame ƙasa. A duk waɗannan, canza izini sau ɗari ba zai amfana da komai ba.

Gyara a Linux

Idan bincike ya nuna mai fayil ne ya sauya, ana gyarawa da umarnin chown. Ga wanda asusunsa malami ne, kuma fayilolin foldarsa ta gida suka fita daga hannunsa:

sudo chown -R malami:malami /home/malami

Wannan yana mayar masa da mallakar komai da ke cikin foldar. In matsalar ta hana shiga kwamfutar baki ɗaya, kamar ta .Xauthority, sai a danna Ctrl da Alt da F3 tare, a sami allon rubutu zalla, a shiga da suna da kalmar sirri, a ba da umarnin daga can.

Idan kuwa mallaka daidai take, haruffan izini ne suka ɓaci, to chmod ake nema. Ga fayil guda, chmod 644 da sunan fayil ya wadatar. Ga folda mai ɗauke da abubuwa da yawa sai an yi hattara, domin foldoji na buƙatar x, takardu kuwa ba sa buƙata. Wanda ya ba komai 644 zai kulle kansa a waje, wanda ya ba komai 755 kuma ya mayar da kowace wasiƙa tamkar manhaja. Hanya mai sauƙi ita ce amfani da babban harafin X, wanda ke ba foldoji damar shiga ba tare da ya taɓa takardu ba:

chmod -R u+rwX /home/malami/Ayyuka

Inda ake son malamai da yawa su yi aiki a folda ɗaya, sai a buɗe rukuni, a sa su ciki, a ba rukunin foldar da chgrp, sannan a sa mata izinin 770. Ɗalibai ba za su ga abin da ke ciki ba, malamai kuma ba za su riƙa ba juna kalmar sirri ba.

Haɗarin 777

Akwai shawarar da ake yawan bai wa wanda ya shiga wannan matsala, wato ya sa wa komai 777. Lambar tana nufin kowa ya karanta, kowa ya rubuta, kowa ya aiwatar. Gaskiya ne saƙon hani yakan ɓace nan take, shi ya sa shawarar take da farin jini. Ɗalibin ilimin halittu zai fi kowa saurin gane illarta.

Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da wani siririn tantani mai zaɓen abin da zai ratsa shi. Iskar oksijin tana wucewa cikin sauƙi, sukari sai ta ƙofa ta musamman, gishirin sodiyam kuwa ana fitar da shi da ƙarfi. A 1957 masanin ƙasar Denmark Jens Skou ya gano famfon da ke wannan aiki, wanda ke fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu a kowane zagaye, kuma binciken ya sa ya sami kyautar Nobel a 1997. Rayuwar ƙwayar ta rataya ne a kan wannan bambanci tsakanin ciki da waje. Ɗaya daga cikin dabarun da garkuwar jikin ɗan Adam ke kashe wasu bakteriya da ita ita ce huda ramuka a tantaninsu, komai ya shiga, komai ya fita, ƙwayar ta mutu.

Izinin 777 irin wannan huji ne. A kan foldar sakamakon jarrabawa, yana nufin duk ɗalibin da ke da asusu a na'urar zai iya sauya maki, kuma duk muguwar manhajar da ta shigo ta kowane asusu za ta iya lalata fayilolin. A kan fayilolin da na'urar kanta ke aiki da su, ɓarnar ta fi haka. Wasu manhajoji, irin su sudo da passwd, suna ɗauke da wata alama ta musamman mai suna setuid, wadda ke ba su damar aiki da ikon root ko da talakan asusu ne ya kira su. Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro wannan dabara. Sa 777 a kan dukkan na'ura yana share wannan alama, sai sudo ta daina aiki, wato kayan gyaran da kansa ya karye. Manhajar SSH ma takan ƙi amfani da makullin sirrin da wasu ke iya karantawa.

In har hakan ta riga ta faru, sai a tayar da kwamfutar daga filashi mai ɗauke da Linux, a kwashe takardun mutane tukuna. A Fedora da danginta, manhajar rpm tana riƙe da bayanin izinin asali na fayilolin da ta girka, kuma tana iya mayar da su. A Ubuntu da Debian, sake ɗora manhajar gaba ɗaya ya fi sauri kuma ya fi aminci a kan bin dubban fayiloli ɗaya-ɗaya.

Windows da Mac

A Windows, kowane fayil yana da jerin sunayen asusu da rukunai, kowane da abin da aka yardar masa ko aka hana shi, kuma fayil yakan gaji izinin foldar da yake ciki. Don karɓo foldar da ta fito daga tsohon faifai, ana danna ta da maɓallin dama, a zaɓi Properties, sannan Security, sannan Advanced, a sauya mai ita. Ana iya yin haka a tagar umarni da aka buɗe da ikon mai gudanarwa:

takeown /f D:\Ayyuka /r /d y

icacls D:\Ayyuka /reset /t

Na farko yana karɓo mallaka, na biyu yana mayar da izini ga wanda aka gada daga sama. Kada a yi wannan a kan foldar Windows ko Program Files. Da gangan aka danƙa yawancin fayilolinsu ga wani asusun na'ura mai suna TrustedInstaller, don kada ko mai gudanarwa ya ɓata su bisa kuskure.

Kwamfutocin Mac sun daɗe da wani maɓalli na gyaran izini a cikin manhajar Disk Utility, wanda ke gwada izinin fayilolin na'ura da na asali. Kamfanin Apple ya cire shi a 2015, lokacin da ya fito da tsarin da ke kulle waɗannan fayiloli ta yadda ko root ba ya iya canza su. Ga takardun mutum kuwa, ana gyara izini a tagar Get Info, kuma chown da chmod suna aiki kamar a Linux.

Kammalawa

A 1975 masana biyu na MIT, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka jero ƙa'idojin tsaron kwamfuta, cikinsu har da wadda ke cewa a ba kowane mutum da kowace manhaja iyakar ikon da aikinsu ke buƙata kawai. Gyaran izini na gaskiya shi ne mayar da wannan ma'auni a wurin da ya goce. Don haka a fara duba mai fayil da izininsa, a gyara foldar da abin ya shafa kaɗai, a sake karanta duk umarnin da ke ɗauke da sudo da -R kafin a danna, kuma a kwafe muhimman takardu kafin a soma.

Ya kamata kuma malamai masu kula da ɗakin kwamfuta su sani cewa izini yana aiki ne kawai muddin manhajar na'urar ce ke gadi. Wanda ya tayar da kwamfuta daga filashinsa, ko ya cire faifan ya tafi da shi, zai karanta komai, sai fa in an rufe bayanan da makullin ɓoye rubutu irin BitLocker ko LUKS. Irin wannan rufi kuma karɓo mallaka ba ya buɗe shi, saboda haka a adana makullinsa a wuri mai aminci. Aikin gwaji mai amfani ga aji shi ne a buɗe asusu biyu a kwamfuta ɗaya, a ƙirƙiri folda da fayil na gwaji, ɗalibai su riƙa sauya lambobin daga 600 zuwa 640 zuwa 644, suna rubuta abin da asusu na biyu ya iya yi da wanda ya kasa a kowane mataki.